Shanun da Na Goge Daga Kwamfuta

Assalamu alaikum edita, da ku masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni matashi ne ɗan gidan mahauta a Batsari, wanda ya je Katsina ya yi difloma a kan kwamfuta ya dawo yana ganin ya fi ƙarfin riƙe wuƙa. Babanmu bai matsa mini ba, ya dai ce idan na gama yangata teburin nama yana nan yana jirana. Ina da wani hali da kowa ya san ni da shi, wato son tsari. Idan na tarar da takalma a warwatse a ƙofar masallaci sai na jera su kafin in shiga, har abokaina suna tsokanata wai da za a ba ni dama da na yi wa tururuwa layi. A lokacin alfahari nake yi da halin nan. Shi ne ya jawo abin da zan faɗa muku, kuma har yau idan na tuna, gajiya ce take fara sauko mini a jiki kafin baƙin ciki ya biyo baya.

Duk wanda ya san yankinmu ya san yadda satar shanu ta ɓata tsakanin mutane. Mahauci zai sayi sa ya yanka, bayan ya sayar da naman wani ya zo ya ce nasa ne aka sace. Makiyayi zai kawo nasa na halak kara, wato wurin cinikin dabbobi, a tsare shi da tambayoyi kamar an kama shi a daji. Ganin haka dattawan kara, dillalai da mahauta da shugabannin Fulani, suka kafa kwamiti, suka yanke cewa duk mai shanun da ya yarda a rubuta masa dabbobinsa: launin kowace, yanayin ƙahonta, irin tsagar da aka yi mata a kunne, a kuma ɗauki hotonta. Idan rigima ta tashi sai a duba. Aka samo kwamfutar tebur guda ɗaya aka ajiye a wani shago a bakin kara, aka haɗa mata sola, aka ce ai ga ɗan wane ya yi karatun abin. Ni na gina rumbun bayanan da hannuna. Na yi shi gida biyu, gidan masu shanu da gidan shanun, na ƙulla su ta yadda kowace dabba tana rataye da lambar mai ita. Na ji daɗin aikin ƙwarai, don karo na farko ke nan da dattawa suke tsayawa su saurari abin da zan ce.

Wata rana muka je yin rajista wata ruga a bayan Karare, ni da ardonsu. Bafulatani ba ya son a ƙirga masa shanu, kuma ba ya saurin faɗin sunan mahaifinsa a gaban mutane, saboda haka yawancin tambayoyin ardo ne yake amsawa. A gidan wani dattijo aka gabatar mini da magidanta biyu, kowa da garkensa. Zan kira su babba da ƙarami. Shi babban, ɗan dattijon ne na cikinsa. Ƙaramin kuwa ɗan ƙanen dattijon ne da ya rasu tun yaron yana goye, dattijon ya raine shi. Dukansu sunan kakansu aka saka musu, sunansu ɗaya ke nan. Da na tambayi sunan uba, ardo ya ba da sunan dattijon a kan su biyun, don a wurinsu wanda ya raine ka shi ne ubanka. Rugarsu ɗaya, tsagar kunnen shanunsu ma ɗaya ce, ta gidansu ce tun kakanni. Ardo ya ce in ƙara da laƙabinsu, da shi ake bambance su. Na ce masa a kwamfuta sunan yanka ake sakawa, ba a saka sunan wasa. Ya kalle ni, ya ce to ai ni na san aikina. Muka gama, aka ba mu kindirmo muka sha, muka hau babur muka dawo.

Aiki ya yi nisa, mutane suka yi yawa a rumbun, aka fara samun maimaici. Wani zai zo yau ya yi rajista, in saniyarsa ta haihu ya dawo a sake buɗe masa sabon shafi kamar bai taɓa zuwa ba. Abin yana damuna kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Rannan da hantsi babu kowa a shago, na zauna na ce yau sai na share wurin nan tas. Na jera sunaye, duk inda na ga biyu iri ɗaya sai in goge ɗaya. Da na zo kan mutanen rugar nan na ga suna ɗaya, uba ɗaya, ruga ɗaya, tsaga ɗaya, ban ko tuna fuskokinsu ba, na danna na goge na ƙasa. Kwamfutar ta fito da gargaɗi da Turanci cewa akwai bayanan da ke rataye da wannan suna kuma za su tafi tare da shi. Na riga na saba ganin gargaɗin, na danna amincewa ba tare da na karanta ba. Da na gama na danna wani maɓalli da ke matse rumbun ya rage masa nauyi, don in ga ya yi tsaf. Sannan na ɗauko filashin da nake ajiye kwafi a ciki, na ɗora sabon fayil a kan tsohon kamar yadda na saba, don ba na son ganin fayiloli barkatai. Takardun da muka cika a ruga kuwa tuni na kwashe na kai wa masu tsire suna naɗe nama, ina cewa ai komai ya shiga kwamfuta. Na rufe shago na tafi gida ina jin na yi aikin kirki.

Bayan wasu makonni, damina ta kankama, ƙaramin nan ya ja wani jan sa mai karyayyen ƙahon hagu ya nufi kasuwa a ɓangaren Safana zai sayar. A can wani manomi ɗan Runka, wanda aka kore masa shanun noma gaba ɗaya a bazarar da ta wuce, ya ga san ya rantse nasa ne. Ban taɓa ɗaukar mutumin nan azzalumi ba. Wanda aka raba da abin nomansa, duk jan san da ya gani sai gabansa ya faɗi. Jama'a suka taru, 'yan sintiri suka zo, da ƙyar aka fitar da makiyayin daga hannun mutane aka miƙa shi ga hukuma, aka ɗaure san a gindin bishiya. Abin da yake ta maimaitawa shi ne a je Batsari a duba kwamfuta, sansa yana ciki har da hoto.

Washegari ardo da shugaban kwamitinmu, wani tsohon dillali, suka zo mini da gaggawa. Na buga sunan, shafi ya fito, na buga a takarda, na sa hannu da hatimin kwamiti, na saka a ambulan na miƙa musu. Ko layi ɗaya ban karanta ba. Har ina ce musu su je hankali kwance, kafin azahar za su dawo da mutuminsu. Suka tafi a bayan a-kori-kura. Sai bayan la'asar suka dawo su biyu kamar yadda suka tafi. Shugaba ya zauna a kan benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Daga baya ya ce an buɗe takardar a gaban kowa an karanta, shanun da ke ciki farare ne duka, babu jan sa ko ɗaya, balle mai karyayyen ƙaho. Jami'in da ke riƙe da maganar ya ce to ga shi shaidar da mutumin ya nema da bakinsa ta ƙaryata shi. Da, zargi ne kawai na mutum ɗaya. Yanzu kuwa akwai takarda mai hatimi da sa hannuna da ke nuna san ba ya cikin garkensa.

Ardo ne ya matso kusa da allon kwamfutar, ya ce in nuna masa hotunan. Yana gani ya ce ai waɗannan shanun babban ne, ina na ƙaramin? Na sake buga sunan, shafi ɗaya ne. A take na tuna gidan dattijon nan, na tuna maganar laƙabi, na tuna ranar da na yi shara. Amma maimakon in faɗi gaskiya sai na ce musu wataƙila kwamfutar ce ta sami matsala, su ba ni zuwa gobe. Wannan ƙaryar ta ci kwanaki, kuma duk kwanakin nan bawan Allah yana tsare.

Na yi duk abin da na sani. Na duba kwandon sharar kwamfuta, babu komai, don ba a nan bayanan rumbu suke faɗawa ba. Na buɗe filashi, na tarar da sabon fayil ɗin da na riga na yi wa shara. Na bi masu tsire ɗaya bayan ɗaya ina tambayar ko akwai sauran takardun, suna yi mini dariya wai ko zan bi cikin mutane ne in zaro su. Na je shagon wani abokina na sauko da manhajojin da aka ce suna dawo da abin da aka goge, na zo na loda su a kan kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Wata ta yi ta juyawa wuni guda ta fito mini da tsofaffin waƙoƙin wanda ya fara mallakar kwamfutar. Wata ta tsaya a tsakiya saboda hadari ya rufe rana, batirin sola ya mutu. Ina cikin wannan hali mahaifiyar ƙaramin ta fara zuwa. Tsohuwa ce siririya, takan zo da ƙwaryar nononta ta zauna a inuwar shagon, ba ta tallar, ba ta kuma tambayata komai. Idan na fito sai ta gaishe ni da aiki, ta ce Allah ya ba da sa'a, ɗana. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na ga ba ni da mafita na sami shugaba a gidansa na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba, ya ce dai da na faɗa tun ranar farko da an san inda aka dosa. Muka tafi Safana tare da babban, don a ga cewa mutum biyu ne masu suna ɗaya. Na yi bayani iya iyawata. Jami'in ya saurara, sannan ya ce shi bai ƙi ba, amma ni da kaina na sa hannu a takardar farko, yanzu kuma na zo da baki ina cewa a watsar da ita, gobe ma ina iya zuwa da wata magana. Ɗan Runka ya ce ai dama an san mahauta da Fulani bakinsu ɗaya, su ke sayen na sata. Babban ma da ya zo ba da shaida sai da aka tsare shi da tambayoyi har ya yi da-na-sanin zuwa. Aka ce idan da gaske an taɓa rubuta san, a kawo rubutun da hotonsa. Suka bar ni na ga ƙaramin ta taga. Ya rame, gefen fuskarsa a kumbure tun dukan kasuwa. Ya tambaye ni ko an ba san ruwa, don ba ya shan ruwan da ya kwana. Ban iya gaya masa abin da na yi ba, na ce masa dai ana ƙoƙari.

Wani malaminmu na makaranta ya yi mini kwatancen wata injiniya a Katsina da ke aikin ceto bayanai. Na cire akwatin kwamfutar na naɗe shi da bargo da leda saboda ruwa, na shiga bas na rungume shi a cinya. A kowane shingen bincike sai an ce in kwance a ga abin da ke ciki, in sake ɗaurewa. Matar ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sannan ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce irin wannan rumbu idan aka goge layi ba ya fita nan take, alama kawai ake yi masa cewa wurinsa ya zama fili, kuma da a ranar na kashe kwamfutar na kawo mata da aikin bai wuce na yini ba. Matsewar da na yi ita ta zubar da su, domin kwamfutar sabon fayil ta rubuta ta jefar da tsohon. Abin da ya rage shi ne a bi faifan ajiyar a nemi gutsattsarin tsohon fayil ɗin, in wani abu bai hau kansu ba. Ta tambaye ni ko na ci gaba da aiki da kwamfutar bayan nan. Na ce e, makonni. Ta tambaya ko na loda wani abu a kai. Na lissafa mata manhajojin. Ta rufe ido ta girgiza kai, ta ce duk wadda na loda tana iya yiwuwa a kan shanun mutumin ta zauna. Ba ta yi mini alkawari ba, ta ce za ta kwafe faifan gaba ɗaya ta yi aiki a kan kwafin, in je in jira.

Jiran nan shi ne abin da ya fi gajiyar da ni a rayuwata. Na sauka wurin wani ɗan'uwanmu, kullum da safe in tako zuwa shagonta in zauna a kan kujerar roba ina kallon wani layi yana rarrafe a allo. A ɗauke wuta, a tada janareta, man ya ƙare, a jira. Waya kuma ba ta hutawa. Shugaba ya kira ya ce ana maganar tura mutumin gaban kotu idan ba a kawo komai ba. Ardo ya kira ya ce an fara jifan matan rugar da magana idan sun shiga gari da nono, wasu ma sun daina sayen nasu. Babanmu ya kira ya ce tsohuwar nan tana zuwa har yanzu tana zama a ƙofar shagon da ke rufe. Abinci ya daina yi mini daɗi. Na kai matsayin da ko addu'a na ɗaga hannu ban san me zan ce ba, sai in ce Allah ka gani kawai.

Abin da ya dawo daga ƙarshe ba rumbu ba ne, tarkace ne. Layuka sun fito a cakuɗe, wasu rabinsu haruffan banza, wasu babu lambar mai su. Sunan ƙaramin bai dawo ba sam. Hotuna kuwa sun fito da yawan gaske babu suna babu tsari, na kowa da kowa, wasu an yanke su a tsakiya sauran ya zama toka-toka. Injiniyar ta ce nata aikin ya ƙare, saura nawa, tunda ni na san abin da nake nema. Na zauna ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya, farar saniya, baƙar karsana, maraƙi, farar saniya, har idona ya riƙa ganin ƙaho ko na rufe shi. Ranar da na same shi ban yi ihu ba, ban ma yi murna ba, na dai jingina da bango. Rabin hoton na ƙasa ya lalace, ƙafafun san babu su. Amma kansa ya fito sarai, ga karyayyen ƙahon hagu, ga tsagar gidansu a kunne, ga kuma ƙaramin da kansa a gefe yana riƙe da igiya yana kallon ƙasa don kunyar kyamara. A cikin bayanan hoton akwai ranar da aka ɗauka, kuma ta riga satar shanun ɗan Runka da nisa. Injiniyar ta rubuta bayanin yadda aka samo shi ta sa hannu.

Muka koma Safana. Aka kai hoton gindin bishiyar aka gwada da san, wanda shi ma ya zube har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ɗan Runka ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yanzu ya tuna, nasa ƙahon dama ne ya karye, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu. Aka saki ƙaramin a ranar. A hanyar dawowa a bayan mota na gaya masa gaskiya, cewa ba kwamfuta ce ta yi kuskure ba, ni ne na goge shi da hannuna don na ɗauka shi da ɗan'uwansa mutum ɗaya ne. Ya juya yana kallon gonakin da muke wucewa. Sannan ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya yafe. Na so ya ƙara wani abu, bai ƙara ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe ba ta ƙare ba. Labarin kama shi ya zaga ko'ina, labarin wanke shi kuwa bai wuce mu da muke wurin ba. A yankin da mutane suke kwana da fargaba, Bafulatanin da aka taɓa kira ɓarawon shanu ba ya wankuwa da rabin hoto. Ƙaramin ya shigo kara sau ɗaya, dillalai suka riƙa kau da kai, wani mahauci ɗan layinmu ya ce a gabana shi ba zai sayi rigima ba. Na buga hoton da yawa na manna a shago da bakin kasuwa, shugaba ya yi sanarwa, duk a banza. Da aka sake kore wasu shanu a wani ƙauye, sunansa aka fara ambata, 'yan sintiri suka je rugar suka yi bincike suka tafi. Dattijon gidan ya ce ba zai jira zuwa na biyu ba. Gero ya fitar da kai a gonarsu bai kai ga yanka ba suka fara ɗaure kaya.

Kafin su tashi ƙaramin ya zo shagon shi kaɗai. A lokacin na sake shigar da shi da shanunsa gaba ɗaya, da laƙabinsa da komai, na juya allon ina nuna masa da ɗan zumuɗi, ina cewa yanzu kwafi uku nake ajiyewa a wurare daban-daban. Ya kalla, ya gyaɗa kai, sannan ya ce alfarma ɗaya ya zo nema. In cire shi daga ciki, shi da dabbobinsa, da na kwafin duka. Na yi ta ba shi baki cewa wannan ne kariyarsa duk inda ya je. Ya ce ba don yana riƙe da ni a zuci ba ne, amma shi kam ya ga abin da takarda take iya yi wa mutum, ya fi son ya tafi babu wanda ke riƙe da sunansa a cikin akwati. Haƙƙinsa ne, ba ni da ta cewa. Ya tsaya a kaina har na gama, na ciro filasan na goge a gabansa, na ɓamɓare hotunan da na manna na ba shi. Ya naɗe su ya saka a aljihu, ya yi mini sallama da hannu biyu, ya tafi.

Ban daɗe ba na miƙa makullin shagon ga wani, na koma teburin babanmu. Ba wai na tsani kwamfuta ba ne, gajiya ce kawai ta ƙi sakina. Abin da nake so in gaya wa duk wanda aka damƙa wa bayanan mutane, a asibiti ne ko makaranta ko ƙungiya, shi ne kada ya goge layi sai ya tabbatar da ko wane ne a bayansa. A ƙasarmu suna ɗaya da uba ɗaya da gari ɗaya ba ya nufin mutum ɗaya, kuma idan dattijo ya ce ka ƙara laƙabi, ka ƙara. Kada ka ɗora sabon kwafi a kan tsoho, kada ka zubar da takardun asali, kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. Idan kuma ƙaddara ta sa ka goge, ka kashe na'urar nan take ka nemi wanda ya sani, ka kuma faɗi gaskiya a ranar, domin kwanakin da za ka ɓata kana kare mutuncinka wani ne yake biyansu. Ni an yafe mini, amma yafiyar ba ta mayar da kowa gidansa ba. Ban san inda suka sauka ba, wasu sun ce kudu, wasu sun ce sun tsallaka iyaka. Abin da na sani shi ne idan gobe wani ya sake riƙe igiyar sansa a wata kasuwa ya ce nasa ne, babu inda za a je a duba.